Imam Gazali da Masu Musun Mahalicci: Tarihin Wata Tsohuwar Muhawara

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci hankali, Ya kuma aiko manzanni domin su haskaka masa hanya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, a ƴan shekarun nan iyaye da yawa suna zuwa wurin malamai da kuka iri ɗaya. Yaro ya tafi jami'a a Yamai, ko kuwa yana nan gida amma salula ba ta barin hannunsa, sai a wayi gari yana tambayar da ke tsinka zuciyar uba: wa ya tabbatar akwai Mahalicci? Ashe ba mutane ne suka ƙago addini don tsoro ba? In mutum yana da halin kirki, me zai yi da salla? Wani uban ya ɗauki bulala, wani ya yi baki, wani ya yi shiru ya bar abin yana cin sa. Muna so mu koma baya shekara ɗari tara da ɗoriya, mu ga yadda wani babban malami ya fuskanci waɗannan tambayoyi, domin babu ko ɗaya daga cikinsu da aka fara yi a zamaninmu.

Tun a Makka akwai masu cewa babu wata rayuwa sai wannan, kuma shuɗewar zamani kaɗai ke kashe mutane. Suratul Jasiya ta ambace su, ta ce zato kawai suke yi. Zamani da Larabci shi ne "dahr", daga nan aka samo sunan Dahriyya, wato masu cewa duniya ba ta da farko kuma ba ta da Maƙagi. A zamanin Abbasiyawa, da aka juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci, muhawarar ta ƙara faɗi. An yi Ibnur Rawandi da ya soki annabci, malamai suka yi masa raddi a rubuce. An yi likita Abubakar ar-Razi, wanda duniya ta amfana da likitancinsa, amma aka ruwaito yana cewa hankali ya wadatar, babu bukatar annabawa. Shi ma an zauna da shi a birnin Rayy an yi jayayya gaba da gaba. A cikin wannan yanayi aka haifi mutumin da muke magana a kansa.

Abu Hamid Muhammad al-Gazali, Allah Ya yi masa rahama, an haife shi a Ɗus, ƙasar Khurasan, a shekara ta 450 bayan hijira, daidai da 1058 miladiyya. Ya yi karatu a Naisabur a gaban Imamul Haramaini al-Juwaini har malamin ya rasu a 478. A shekara ta 484 waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi a kan kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza, yana da shekara talatin da huɗu, ɗalibai ɗari uku suna zama gabansa. A lokacin babu wata kujerar ilimi da ta fi wannan daraja a ƙasashen Musulmi na gabas.

Abin da ya kamata iyaye su ji shi ne, wannan malami da ake yi wa laƙabi da Hujjatul Islam ya ɗanɗani shakka da kansa, kuma bai ɓoye ba. A littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal ya ba da labarin cewa tun yana saurayi ya lura ƴaƴan Nasara suna tashi Nasara, ƴaƴan Yahudu suna tashi Yahudu, ƴaƴan Musulmi suna tashi Musulmi. Ya kuma san hadisin da ke cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne ke juya shi. Sai ya ƙudura neman ainihin fiɗirar, ya rabe ta da abin da aka gada. Ya fara da ido, ya ga ido na yaudara: ka dubi inuwa ka rantse tsaye take, bayan sa'a ɗaya ka tarar ta gusa, ka dubi tauraro ka ga kamar tsabar kuɗi, alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. To hankali ne ya ƙaryata ido. Sai ya ce, ina tabbacin babu wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa ke ƙaryata abin da mai barci ya gaskata a mafarki? Kusan wata biyu yana cikin wannan hali, har Allah Ya yaye masa da wani haske da Ya jefa a zuciyarsa, kamar yadda shi da kansa ya faɗa. Da a ce a cikin waɗannan watanni biyu an kore shi daga zaure an ce ya kafirta, da wa zai rubuta mana Ihya'u?

Da ya tashi yi wa masana falsafa raddi, sai ya fara da abin da yawancinmu ba mu da haƙurin yi. Ya ce raddi ga mazhabar da ba ka fahimce ta ba kamar harbi ne cikin duhu. Ya duba abin da malaman tauhidi suka rubuta a kansu, ya ga tarkacen maganganu ne da ko gama-garin mutum mai hankali ba za su gamsar ba. Sai ya zauna da littattafansu shi kaɗai, ba malami, a ɗan lokacin da koyarwa ta rage masa, ƙasa da shekara biyu yana karatu, kusan shekara guda yana juya abin a zuciya. Ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya shimfiɗa ra'ayinsu dalla-dalla yadda su kansu za su yarda cewa haka suke faɗa. Littafin raddin kuwa, Tahafutul Falasifa, ya kammala shi a farkon shekara ta 488, wato 1095.

Bai kuma yi musu kuɗin goro ba. Ya kasa su gida uku. Na farko Dahriyya, masu cewa duniya haka take tun fil azal, dabba daga maniyyi, maniyyi daga dabba, ba wanda ya fara. Na biyu masu binciken halitta, waɗanda suka feɗe jikin dabbobi suka ga hikimar da ke cikin gaɓoɓi har dole ta sa suka yarda da Mahalicci mai hikima, amma suka ce rai yana mutuwa tare da jiki, babu tashi. Na uku masu binciken al'amuran Ubangiji, irin su Sukuraɗ da Aflaɗun da Arisɗo, da waɗanda suka ɗauko iliminsu cikin Musulmi, al-Farabi da Ibnu Sina. Waɗannan na ƙarshe sun yarda da Allah, amma sun ce duniya tana tare da Shi tun fil azal kamar yadda haske ke tare da rana. Gazali ya nuna musu cewa wanda ya ce duniya ba ta da farko ya buɗe wa Dahriyya ƙofa ko bai yi niyya ba, don ba shi da sauran hanyar tabbatar da cewa an yi ta ne.

Mas'ala ashirin ya tattauna a Tahafut. A uku kaɗai ya yanke hukuncin kafirci: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai dunƙulallu, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Sauran goma sha bakwai ya ce bidi'a ce. Ku lura da wannan taka-tsantsan, a wurin mutumin da ya fi kowa sanin ɓatansu.

Hujjojinsa ba na zagi ba ne, na lissafi ne da misali. Ya ce musu, ku da kanku kun ce rana tana kammala zagayenta a shekara ɗaya, Zuhal kuwa sai a shekara talatin. In duniya ba ta da farko, zagayen rana ba shi da iyaka, na Zuhal ma ba shi da iyaka. To yaya abin da ba shi da iyaka zai ninka wani abin da ba shi da iyaka sau talatin? Da suka ce ba zai yiwu Allah Ya zaɓi wani lokaci Ya yi halitta ba, tun da lokuta duk daidai suke kafin a yi duniya, sai ya kawo misalin da mai azumi zai gane nan take. A ajiye wa mai bukata dabino biyu, girmansu ɗaya, kyansu ɗaya, nisansu ɗaya, a ce ɗaya kawai zai ɗauka. Zai zauna yana kallonsu har abada? Zai miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. Aikin irada ke nan, ta keɓance abu daga irinsa. In bawa yana da wannan, ina ga Ubangijin bawa.

Yanzu mu zo wurin da muke ganin ya fi shafar mu, mu masu hawa mumbari da masu zama a zauruka. Gazali ya rarraba ilimomin falsafa, ya ce lissafi da handasa da ilimin taurari babu abin da ya haɗa su da musun addini, abubuwa ne da hujja ta tabbatar, wanda ya fahimce su ba ya iya musu. Amma ya ce akwai musiba biyu a tattare da su. Ta farko, ɗalibi ya ga ƙwarewar masana a lissafi, sai ya ɗauka duk abin da suka faɗa haka yake, har kafircinsu, ya manta cewa gwani a wata sana'a yana iya zama jahili a wata. Wannan ita ce cutar yaranmu a yau: tun da waɗanda suka ƙera jirgin sama da salula wasunsu ba su yi imani ba, to ai sun san abin da ba mu sani ba. Ƙera jirgi daban, sanin abin da ke bayan mutuwa daban.

Musiba ta biyu kuwa daga cikin gida take, daga masoyin Musulunci jahili, wanda ya ɗauka taimakon addini shi ne ƙaryata duk abin da ya fito daga bakin masana. Misalin da ya bayar shi ne husufi. Masana sun ce wata yana husufi ne idan ƙasa ta shiga tsakaninsa da rana, rana kuma tana husufi idan wata ya shiga tsakaninta da mai kallo. Gazali ya ce wannan gaskiya ne, kuma wanda ya yi jayayya da shi da sunan addini ya yi wa addini laifi. Dalilinsa a fili yake: mutumin da ya iya lissafa ranar husufi da sa'arsa da tsawonsa, in ka ce masa shari'a ta ƙaryata wannan, ba zai yi shakkar lissafinsa ba, shari'ar zai yi wa shakka. Ya kawo hadisin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, aka yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, Manzo ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla. Gazali ya ce a nuna masa inda wannan hadisi ya hana lissafin tafiyar rana da wata. Babu. Mu kanmu shaidu ne: husufin ranar 29 ga Maris 2006 da ya ratsa ƙasarmu ta Nijar, an sanar da ranarsa da lokacinsa tun kafin ya zo, ya kuma zo kamar yadda aka faɗa, muka yi sallarmu. Lissafin bai rage wa ayar girma ba. Hukuncin Gazali shi ne, ɓarnar da mai kare addini ta hanyar da ba ta dace ba yake yi ta fi ɓarnar mai sukarsa. Malamin da ya hau mumbari ya ƙaryata abin da ɗan lakwal ya gani da idonsa a ɗakin gwaji, ya sani ya miƙa yaron ga mulhidai da hannunsa.

Inda ya ja daga da masu binciken halitta shi ne mas'ala ta goma sha bakwai, mas'alar sababi. A kusantar da auduga ga wuta, ta ƙone. Su suka ce wuta ce ta ƙone ta da ɗabi'arta, ba makawa. Shi ya ce, me ido ya gani? Ya ga haɗuwa, ya ga ƙonewa. Ya ga abu ya faru tare da abu, bai ga wajabcin da ya ɗaure su ba. Wuta ba ta da sani, ba ta da nufi. Allah ne Ya gudanar da al'adarSa a kan haka, shi ya sa muke dogara da ita, manomi ya shuka hatsi yana jiran tsiro, marar lafiya ya sha magani yana jiran sauƙi. Wanda Ya gudanar da al'adar kuwa Yana da ikon keta ta, kamar yadda wuta ta yi sanyi ga Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Fiye da shekara ɗari shida bayan haka, wani masanin falsafa ɗan Sikotilan mai suna David Hume ya zo da irin wannan lura game da sababi, ko da yake shi bai kai ta ga imani ba.

Game da halin kirki, bai musa cewa a littattafan falsafa akwai maganganu masu kyau a kan tarbiyyar rai ba. Ya ce sun samo su ne daga bayin Allah masu ibada, waɗanda ba a taɓa rasa su a kowane zamani ba, suka cuɗa da nasu. Kuma gaskiya ba ta zama ƙarya don ta fito daga bakin ɓatacce: zuma ko a ƙahon wanzami aka same ta zuma ce, ƙyamar da mutum ke ji ta ƙahon ce. Sai dai ya yi gargaɗi cewa ba kowa ke sa hannu a jakar mai kuɗin jabu ba sai ƙwararren ɗan canji, kuma gardi ba ya wasa da maciji a gaban ƙaramin ɗansa, don kada yaron ya kwaikwaya. Abin da ya hango a kan masu musun lahira shi ne, in aka cire sakamako da uƙuba, linzami ya kuɓuce. Mu ƙara da cewa ana samun wanda bai yi imani ba amma ba ya sata, ba ya ƙarya, kuma babu amfanin musun haka. Tambayar da za a yi masa ita ce, ranar da gaskiya za ta ci masa dukiya kuma babu mai gani, mene ne ya wajabta masa ita?

A nan Gazali ya juyo kanmu. Da ya binciki abin da ke raunana imanin mutane a zamaninsa, ya tarar ɗaya daga cikin dalilan shi ne halin malamai. Mutum zai ce, malam wane yana cin dukiyar marayu da ta waƙafi, wane yana karɓar rashawa a wurin shari'a, da abin gaskiya ne ai da su suka fi kowa kiyayewa. Ya amsa cewa likitan da ya ci abin da ya hana marar lafiya ci bai ƙaryata likitanci ba, kwaɗayi ne ya rinjaye shi. Amsar daidai ce, amma shi kansa bai tsaya a kanta ba. A watan Rajab na 488 ya binciki niyyarsa a koyarwa, ya ga neman suna da matsayi ne. Wata shida yana kai-komo, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi shiga. A Zulƙida ya bar Bagadaza da kujerarta, ya rabar da dukiyarsa sai ɗan abin da zai ciyar da iyali, ya tafi Dimashƙa, daga nan Baitul Muƙaddas, sannan aikin hajji. A wurin kabarin Annabi Ibrahim ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara zuwa fadar sarki ba, ba zai ƙara karɓar kuɗin sarki ba. Sai a 499 ya koma koyarwa a Naisabur.

Saura maganar asalin addini. Yau ana jingina ta ga Turawa: Hume ya ce tsoro ne ya haife shi, Karl Marx ya kwatanta shi da abin sa maye ga talakawa, Sigmund Freud ya ce buri ne na yarinta. Gazali ya riga ya haɗu da irinsu. Ya ba da labarin waɗanda suka ɗanɗani falsafa, suna halartar jam'i, suna girmama shari'a da baki, amma in ka tambaye su sai su ce an shimfiɗa ta ne don a tsare gama-gari daga faɗa da bin sha'awa, su kuwa masu hikima sun wuce nan. Amsarsa ta bi ta matakan halittar ɗan Adam. Jariri yana fara sanin duniya da taɓi, sannan gani da ji da ɗanɗano, wajen shekara bakwai ya sami wayo, daga baya hankali ya cika. Kowane mataki yana buɗe abin da na ƙasa da shi bai san da shi ba. Wanda aka haifa makaho, da ba a taɓa ba shi labarin launi ba, zai musa shi. To mece ce hujjar cewa hankali ne matakin ƙarshe? Ya ce a tambayi wanda bai taɓa ganin wuta ba, ko akwai abu kamar ƙwayar hatsi da za a ajiye a gari ya cinye garin kaf sannan ya cinye kansa, zai ce tatsuniya ce. Annabci mataki ne a bayan hankali, hankali kuwa aikinsa ya gane annabin gaskiya ya miƙa masa ragama. Hanyar ganewar kuma ya faɗe ta: kamar yadda wanda ya karanci fiƙihu yake sanin cewa Shafi'i faƙihi ne ba don an gaya masa ba, haka wanda ya zurfafa a Alƙur'ani da hadisi, ya jarraba abin da Manzo ya faɗa game da ibada da gyaran zuciya sau dubu ya ga haka yake, zai sami sanin da babu shakka a cikinsa.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Yana raye aka ƙone Ihya'u a Ƙurɗuba, a zamanin sarkin Murabiɗai Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin. Ya rasu a Ɗus a shekara ta 505, wato 1111. Bayansa alƙalin Ƙurɗuba Ibnu Rushd, Bamalike ɗan mazhabarmu, mai Bidayatul Mujtahid, wanda ya rasu a Marrakush a 595, ya bi Tahafut mas'ala bayan mas'ala ya yi masa raddi a Tahafutut Tahafut, yana cewa wanda ya musa sababi ya rushe ilimi, don sanin abu shi ne sanin sababinsa. Ya kan kawo maganar Gazali a cike kafin ya amsa ta, kamar yadda Gazali ya yi wa Ibnu Sina.

Wannan ilimi ya iso mana ta hanyar Magrib. Ummul Barahin ta Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 895, da ake karantawa a zaurukanmu, da hukuncin hankali ta fara, wajibi da mustahili da ja'izi, kuma hujjarta a kan samuwar Allah ita ce faruwar duniya, wato mas'alar da Gazali ya sa a farkon Tahafut. Har abin ya kai wasu ɗalibai a ƙasar Hausa suka wuce gona da iri, suna tare talaka suna yi masa tambayoyin tauhidi, in ya kasa jero hujjoji su ce kafiri ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya tsaya musu, ya rubuta littattafai da dama a kan haka, daga ciki akwai Hisnul Afham, yana tabbatar da cewa imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne ko da bai iya tsara hujja irin ta malaman tauhidi ba. Gazali ma littafin da ya rufe rubutunsa da shi, Iljamul Awam, a kan kare gama-gari ne daga jefa su cikin ilimin kalam, kuma ya kammala shi ƴan kwanaki kafin rasuwarsa. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya, Ya haskaka makwancinsu.